Kama da wane ba ta wane: Yadda ake bambance furanni uku masu ruwan ɗorawa

 

A wannan makon za mu yi tafiya mai nisa, zuwa dazuzzukan gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka. Akwai wasu furannin dawa guda uku a can, dukkansu rawaya ne, dukkansu suna sunkuyar da kai ƙasa, dukkansu kuma suna son inuwa da ƙasa mai laima. Baƙon da ya gan su zai rantse abu ɗaya ne, alhali biyu daga cikinsu ne kawai 'yan gida ɗaya. Na ukun kuwa ɗan uwan wani tsiro ne mai dafi da ke fitowa a dajinmu da damina.

Wani zai ce, me ya haɗa mu da furen Kanada? Abin da ya haɗa mu shi ne hanyar da ake bi a gane shi. Ita ce hanyar da malamin bayoloji yake so ka bi ranar jarrabawar gwaji, idan aka ajiye maka ganye ko fure a kan tebur aka ce ka faɗi abin da ka gani, ka kuma faɗi rukuninsa tare da dalili. Ita ce kuma hanyar da ke raba mai tsintar ganyen miya da kwanciya asibiti.

Fara da ƙirga

Launi shi ne abu na farko da ido ke kamawa, shi ya sa ya fi komai yaudara. Furen kabewa rawaya ne, na gyaɗa rawaya ne, na tumatir ma haka, amma ba danginsu ɗaya ba. Masanin tsirrai yakan ajiye maganar launi a gefe, ya fara da ƙirga.

Kun san an raba tsirrai masu fure gida biyu manya. Akwai masu tsirowa da kunne ɗaya, waɗanda littafinku ya kira monokot, kamar gero da dawa da masara da albasa. Akwai masu tsirowa da kunne biyu, wato daikot, kamar wake da gyaɗa da kuɓewa. Ganyen masu kunne ɗaya yawanci jijiyoyinsa a jere suke, kowace na bin 'yar uwarta daga gindi zuwa tsini, kamar layukan littafin rubutu. Ɗauki ganyen masara ka ɗaga shi a rana za ka gani. Na masu kunne biyu kuwa jijiyoyin sun sarƙe kamar raga. Sassan furen masu kunne ɗaya suna zuwa uku-uku ko shida-shida, na masu kunne biyu kuwa galibi huɗu-huɗu ne ko biyar-biyar.

Furanninmu uku duk sun faɗa gidan farko. Kowannensu yana da fukafukan fure 6, da tsinkaye 6 masu ɗauke da garin fure, kuma jijiyoyin ganyensa a jere suke. Wannan ƙirgar kaɗai ta fitar da ɗaruruwan furanni rawaya daga lissafi. Saura mu raba su ukun a tsakaninsu.

Na farko: mai ganye dabbare-dabbare

Sunansa na kimiyya Erythronium americanum. Gajere ne, bai cika wuce santimita 25 ba, wato bai kai tsawon rular da ke cikin jakarka ba. Ganyensa ne babbar shaidarsa: kore ne mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa ko ruwan hanta, kamar an yayyafa masa tawada. Mutanen can sun ga ɗigon ya yi kama da na jikin wani kifin rafi da suke kira tirawut, sai suka raɗa wa furen sunan kifin.

Wanda ya isa yin fure ganye biyu gare shi, a gindi, daf da ƙasa. Daga tsakaninsu wani siririn kara marar ganye yake tashi, yana ɗauke da fure ɗaya tak. Idan rana ta fito fukafukan furen sukan lanƙwashe baya su bar tsinkayen a fili, idan dare ya yi kuma su rufe. A ƙarƙashin ƙasa yana da ɗan farin dunƙule mai tsini kamar haƙorin kare.

Wanda bai isa fure ba ganye ɗaya yake fitarwa. Shi ya sa za ka ga fili guda ya cika da dubban ganyaye, amma furannin 'yan kaɗan ne a warwatse. Daga iri zuwa furen farko yakan ɗauki shekara 4 zuwa 7. Ka lissafa: irin da ya faɗi ƙasa ranar da ka shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wataƙila sai kana shirin fita daga aji shida zai yi furensa na farko. Tarin da suke yi a wuri ɗaya kuwa yakan kai shekara 200 zuwa 300, har ya girmi wasu bishiyoyin da ke kansa.

Tururuwa ce ke taya shi shuka. Jikin kowane irinsa akwai wani ɗan ƙullutu mai maiƙo da tururuwa ke so. Sai ta ja irin zuwa raminta, ta cinye ƙullutun, ta yar da ƙwayar a wurin da ba abin da zai dame ta.

Na biyu: mai shuɗin 'ya'ya

Shi ne Clintonia borealis. Kalmar borealis a Latin tana nufin na arewa, kuma sunan ya dace da shi, domin ya fi son dazuzzuka masu sanyi da laima, inda bishiyoyi masu ganye kamar allura suka yi yawa. Ana samunsa daga tsibirin Niyufanlan zuwa lardin Manitoba a Kanada, da jihohin Amurka da ke kewaye da Manyan Tafkuna, irin su Mishigan da Minesota, har ya bi duwatsun Afalashiya ya gangara kudu inda tsawo ya sa wuri ya yi sanyi.

Ganyensa ma a gindi yake, amma ba ɗigo ko ɗaya a jikinsa. Kore ne shar, mai ƙyalli kamar an shafa masa mai, mai faɗi da kauri, tsawonsa santimita 15 zuwa 30. Yawanci ganye 2 zuwa 4 ne. Karansa ba ganye, sai dai a maimakon fure ɗaya, yakan ɗauki furanni 3 zuwa 8 a ƙolinsa. Rawayarsu ba ta kai ta na farkon haske ba, ta ɗan sirka da kore. Saiwarsa kuma ba dunƙule ba ce, a kwance take tafiya a ƙarƙashin ƙasa kamar citta, tana fitar da sababbin tsirrai a hanya.

Idan fure ya wuce, sai 'ya'ya su fito, masu shuɗi mai ƙyalli kamar duwatsun wuya. Suna da ban sha'awa ƙwarai, kuma nan ne haɗarin yake. A irin wannan daji akwai wasu 'ya'yan itace shuɗaye masu zaƙi da ake ci, har ana nomansu ana sayarwa. Waɗancan a jikin ƙananan itatuwa masu rassa suke fitowa. Na Clintonia kuwa a kan kara ɗaya miƙaƙƙe marar ganye suke, ba daɗi a baki, kuma ana lissafa su cikin masu ɗan dafi. Don haka ake gargaɗin yara da su.

Shi wannan ya fi na farkon jinkiri ma, domin daga iri zuwa furen farko yakan haura shekara 10.

Na uku: mai kara ya huda ganye

Uvularia grandiflora ya fi sauran biyun tsawo, yakan kai santimita 30 zuwa 60. Tun daga nesa za ka ga bambanci: ganyensa ba a gindi yake ba, a jikin kara yake, ɗaya bayan ɗaya, kuma karan yakan rabu gida biyu daga sama. Idan ka matso ka duba inda ganye ya haɗu da kara, za ka ga abin mamaki. Gindin ganyen ya zagaye karan gaba ɗaya, sai ka ce an sa allura an huda ganyen an zura karan ta ciki.

Furensa dogo ne, yana reto ƙasa kamar ƙararrawa, fukafukansa sun ɗan murɗe, shi kansa tsiron kuma kamar ƙishirwa ta kama shi, ko da kuwa ƙasa a jiƙe take. Wannan reton ne ya jawo masa suna. Uvula a Latin shi ne ɗan naman nan da ke reto a can cikin maƙogwaro, wanda muke kira belu ko hakin wuya.

Na farko da na biyu 'yan gidan Liliaceae ne. Shi wannan na ukun, masana sun sa shi a wani gida daban mai suna Colchicaceae. Ku riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa.

Mabuɗi mai reshe biyu

Masana suna da wata dabara ta tsara irin wannan bayani, wadda wani Bafaranshe mai suna Lamarck ya yi fice da ita a littafinsa na tsirran Faransa a ƙarshen shekarun 1770. Shi ne dai Lamarck ɗin da kuke karantawa a darasin sauyawar halittu. Dabarar ita ce a yi tambaya mai amsa biyu kacal, kowace amsa ta kai ka ga suna ko ga wata tambayar. Ga yadda za ta kasance ga furanninmu:

Tambaya ta ɗaya: ganyen a jikin kara yake ko a gindi? Idan a jikin kara yake, kuma karan ya huda shi, Uvularia ne. Idan a gindi yake, wuce tambaya ta biyu.

Tambaya ta biyu: ganyen yana da ɗigo-ɗigo kuma fure ɗaya ne a kan kara? Idan haka ne, Erythronium ne. Idan ganyen kore ne zalla mai ƙyalli kuma furanni da yawa ne, Clintonia ne.

Tambaya biyu sun raba gardama, kuma ko sau ɗaya ba mu tambayi launin fure ba. Amfanin haka shi ne, ko bayan fure ya bushe ya faɗi, ganye da kara za su ci gaba da ba ka labari.

Lokaci ma shaida ne. Erythronium ne ke fara fitowa, tsakanin Maris da Mayu, da zarar dusar ƙanƙara ta narke. Uvularia yakan biyo baya a Afrilu da Mayu. Clintonia kuwa sai wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni.

Me ya sa yake gaggawa?

Labarin Erythronium yana da darasin da ya shafi abin da kuke karantawa game da yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana. A dajin da yake zaune, manyan bishiyoyi, irin wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada, sukan zubar da ganyensu kaf da hunturu. Idan sanyi ya fara janyewa, akwai 'yan makonni da rana ke sauka har ƙasa kafin bishiyoyin su sake yin ganye. A cikin wannan ɗan taƙin ne tsiron zai fito, ya yi ganye, ya yi fure, ya tara abincin shekara guda a dunƙulensa. Da zarar inuwa ta rufe dajin, sai ganyensa ya bushe ya ɓace. Wanda ya je wurin a watan Yuli ba zai ga alamar an taɓa yin wani tsiro a nan ba.

A shekarar 1976 wasu masana biyu, Robert Muller da Herbert Bormann, sun wallafa binciken da suka yi a kan wannan tsiro a dajin Hubbard Brook da ke jihar Niyu Hamsha. Sun kawo ra'ayin cewa yana aiki kamar madatsar ruwa. A lokacin da ruwan narkakkiyar ƙanƙara ke wanke sinadaran ƙasa irin su naitirojin da fotashiyam zuwa rafi, bishiyoyi ba su gama farkawa ba balle su sha. Sai wannan ɗan tsiro ya zuƙe wani kaso ya riƙe a jikinsa, idan ganyensa ya ruɓe ya mayar wa ƙasa a daidai lokacin da bishiyoyi ke buƙata.

Yanzu kun ga illar tsinke shi. Ganye biyu ne kawai jarinsa, makonni kaɗan ne kuma kasuwarsa. Wanda ya tsinke fure da ganyen don ya ɗauki hoto, ya raba tsiron da abincin shekara. Shi ya sa a wuraren shaƙatawa na gwamnati a ƙasashen biyu aka hana tsinkar furannin dawa. Masu nazari sukan durƙusa su duba, su zana, su ɗauki hoto, su bar shi inda yake.

Suna ma yana ruɗi

Kada ku dogara da suna kaɗai. Wasu Turawa suna kiran Erythronium da sunan furen bayolet, alhali ba abin da ya haɗa su. Hatta sunan kimiyyar daga kalmar Girkanci mai nufin ja ya fito, ga shi furen namu rawaya ne. Dalili kuwa shi ne an fara raɗa sunan ne ga ɗan uwansa na Turai, wanda furensa ya karkata ga ja. Clintonia kuma sunan mutum ne, DeWitt Clinton, gwamnan jihar Niyu Yok wanda a zamaninsa aka buɗe mashigin ruwan Erie a 1825. Sunan bai gaya maka komai game da siffar tsiron ba.

To mene ne amfanin sunan kimiyya? Amfaninsa shi ne guda ɗaya ne a duk duniya. Tun da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya wallafa littafinsa na tsirrai a 1753, kowane tsiro yana da suna mai kalma biyu, ta farko ta zuriya, ta biyu tasa ta kansa. Ɗalibi a Zariya da ɗalibi a Toronto za su rubuta suna ɗaya su san abu ɗaya suke nufi. A jarrabawa ku tuna: kalmar farko da babban baƙi take farawa, ta biyu da ƙarami, kuma idan da hannu kuka rubuta, ku ja layi a ƙarƙashin kowace.

Inda kuskure ke zama ajali

A waɗannan dazuzzuka akwai wata albasar dawa mai faɗin ganye, Allium tricoccum, wadda mutane ke fita tsinta idan sanyi ya wuce. Ganyenta yana kama da na Clintonia kafin ya yi fure. Wannan ruɗanin da sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne na wani tsiro mai suna Veratrum viride, wanda ke fitowa a wuri mai laima a lokaci guda, kuma dafinsa yana sa amai, ya rage bugun zuciya, ya saukar da ƙarfin jini. Ana kai mutane asibiti saboda sun dafa shi a zaton albasa ce. A Turai ma an sha samun mace-mace saboda an ɗauki ganyen Colchicum autumnale a matsayin tafarnuwar dawa. Alhali shaidar a fili take: albasar dawa idan ka murza ganyenta warin albasa take yi, waɗancan kuwa ba sa yi, kuma ganyen Veratrum yana da ninki-ninki kamar an yi masa kalmasa.

Nan ne maganar ta dawo gida. Wancan gida na Colchicaceae da na ce ku riƙe, yana da ɗa a dajinmu. Shi ne Gloriosa superba, wanda ake kira baurerai ko gatarin kurege. Da damina yake fitowa, yana hawa jikin ciyayi da ƙananan itatuwa. Ku duba tsinin ganyensa, za ku ga ya zama siririn zare ya nannaɗe, da shi yake kama abin da zai hau. Fukafukan furensa 6 ne, sun lanƙwashe sama kamar harshen wuta, rawaya da ja, tsinkayensa ma 6 ne. Shi ne furen ƙasa na Zimbabuwe. Kyansa ba a magana, amma duk jikinsa dafi ne, musamman saiwar da irin. Sinadarin da ke cikinsa, kolcisin, likitoci suna ba da shi a ƙididdige don wani nau'in ciwon gaɓoɓi, amma idan ya yi yawa yana kisa. A Indiya da Siri Lanka an samu waɗanda suka ci saiwarsa a zaton doya ce ko dankali. Idan wani ya ci, a garzaya da shi asibiti nan take, tare da ragowar abin da ya ci, kada a tsaya jiran alamu.

Wasunku suna da manhajojin waya irin su Google Lens ko iNaturalist da ke faɗin sunan tsiro daga hoto. Suna da amfani wajen nuna maka inda za ka fara nema. Sai dai manhaja ba ta jin wari, ba ta ganin saiwa, kuma hoton da ka ba ta kawai take aunawa. Duk sunan da ta ba ka, ka koma ka ƙirga da kanka, ka kuma tambayi malaminka. Abin da ba ka tabbatar ba kuwa kada ya kusanci bakinka.

Aikin wannan mako

Ku samo ganye biyar daga gida ko harabar makaranta: na masara ko dawa, na albasa, na wake, na zogale da na mangwaro. Ku zana kowanne da fensir a littafi, zane babba mai tsabta, ba tare da yi masa inuwa ba, ku nuna yadda jijiyoyinsa suke. Daga nan ku tsara naku mabuɗin mai reshe biyu wanda zai raba su biyar ɗin da tambayoyi huɗu kacal, ba tare da ambaton launi ba. Ku ba abokin zamanku ya gwada. Idan ya kai ga sunan kowane ganye ba tare da ya tambaye ku komai ba, mabuɗinku ya yi. Idan ya maƙale, ku duba tambayar da ta ruɗa shi ku gyara ta.

Wanda nasa ya yi kyau ya aiko mana ta hannun editan wannan shafi, tare da sunansa da ajinsa da makarantarsa, za mu buga mafi tsari a cikinsu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da sa'ar karatu, amin.